Ku 'Yan Mutum Biyu Ma Sai An Koya Muku Ƙirga Biyu?

Na san tun daga kan magana wasunku sun ja tsaki. Ina jiyo ku daga nan, musamman 'yan majalisar mai shayi ta bakin titin Mutum Biyu, inda motocin Jalingo da Wukari ke tsayawa fasinja su miƙe ƙafa. "Yau kuma matan fursuna marubucin nan ya tuno? Mu da muke waje wa ya ƙirga mu?" A sha shayi lafiya, amma kada kowa ya tashi. Sunan garinku ne ya ja muku. Duk faɗin Taraba babu wanda ya kamata ya iya ƙirga biyu kamar ɗan hedikwatar Gassol. Bahaushe kuwa da ya ga mace da ciki sai ya kira ta mai juna biyu. Rajistar gidan yari ce kaɗai ta ƙi yarda da wannan Hausar: mace ta shigo da cikin wata bakwai, a rubuta ɗaya.

Da idona na gani. Na taɓa raka gwaggona kai wa 'yar maƙwabciyarta abinci a wani gidan yari da ba zan kama sunansa ba. Muna zaune kan benci a bakin ƙofa, gwaggo riƙe da kwanon tuwo da galan ɗin kunun kanwa da ta naɗe da tsohon zane don kada ya huce. A bango akwai baƙin allo, an rubuta da alli: maza kaza, mata kaza, masu jiran shari'a kaza. Can ciki sai ga kukan jariri, irin siririn kukan nan na ɗan kwana goma. Na dubi allon, na dubi gandiroban da ke juya tuwon da cokali yana bincike, na ce, "Yallabai, wannan mai kukan a wane layi yake?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, shi ai kotu ba ta aiko shi da takarda ba." Gaskiyarsa kuwa. Yaro yana gidan yari, yana shan zafin gidan yari da sauronsa, amma a takarda babu shi. Gwaggo ita abin da ya dame ta daban ne. Har muka hau mota tana ta faɗin, "Wa ke dafa mata ruwan wanka? Jego babu ruwan zafi?"

Alhaji mai carbi a aljihu, na ga bakinka yana motsi: "Wa ya aike ta? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Sannu da karin magana, Alhaji. Sai dai wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Wata rigimar kishiya ce ta kai ta, wata bashin adashi, wata kuma ta rasa mai tsaya mata beli. Mu ma ɗauka ta aikata, an kama ta dumu-dumu. Na cikin fa? Wane alƙali ne ya karanta masa tuhuma?

Shi kuma na kusa da kai, mai shayi rabi da burodin wani, cewa ya yi ai ba su da yawa. Haka ne, mata ba su wuce kimanin biyu cikin ɗari na fursunonin ƙasar nan ba. To ai ka kayar da kanka da kanka. Bafulatanin da ke kora shanu ɗari a bakin Binuwai, ka tashe shi tsakar dare zai faɗa maka wace saniya ce ke da ciki da watan da za ta haihu, ba littafi ba biro. Hukuma mai kwamfuta da kakin sarki kuwa, jadawalin da take fitarwa maza ne da mata, waɗanda aka yanke wa hukunci da masu jira. Babu layin masu ciki, babu na masu goyo.

Kada ku ce doka ce babu. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali, kuma sashe na 34 na dokar kacokan kan mata yake. Ya ce kowace jiha ta sami wurin tsare mata daban. Ya ce a yi wa mace gwajin ciki da zarar an kawo ta, kada a wuce kwana 14. Ya ce a yi mata awo, a kula da cimarta, a tanadi ɗakin renon jarirai. Har ya ce idan aka ga ciki ya ɓulla bayan mace ta shiga, a bincika, a yi gwajin jini na gano uba, a gurfanar da mai cikin. Dokar ta tsaru kamar lefen 'yar gata. Abin tambaya, wa ke zuwa ya buɗe akwatin ya ga ko da kaya a ciki?

Ga misali kan cimar. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa wani kwamitin Majalisar Dokoki ta Ƙasa cewa naira 750 ake kashe wa fursuna a rana, karen hukuma kuwa naira 800. Daga baya an ɗaga na fursuna zuwa 1,125. Wanda ya taɓa yin cefanen mai jego ya lissafa mana. A gidajenmu sai an gasa mata nama da yaji, an dama kunun kanwa safe da yamma, ana yi ana cewa ta ƙara don nono ya kawo. A can gabza ce kwano ɗaya, bakin ci biyu.

Yauwa, Malam, dama kai nake jira. Na san za ka gyara rawani ka ce wannan duk surutun Turawa ne da 'yan ƙungiyoyi. E, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin Bangkok a 2010, waɗanda suka hana sa wa mace ankwa ko mari tana naƙuda, suka kuma ce a fifita hukuncin da ba na ɗauri ba ga mai ciki in laifin bai yi tsanani ba. Amma kai ka karantar da mu labarin Bagamidiya, mai cikin nan da ta kawo kanta a yi mata hukunci gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da ita sai ta haihu, ta dawo ya sake mayar da ita sai ta yaye. Ashe tun kafin a san Bangkok aka ƙirga ta mutum biyu. Ko ranar da ka yi mana wannan darasin ba ka zo makaranta ba?

Kuma ku bar nuna kamar ba ku damu da irin wannan labari ba, na san ku. Lokacin shari'ar Maryam Sanda a Abuja, wace majalisa ce ba ta zama kotu ba? Kun san an tsare ta a Suleja da goyo a hannu, kun san Mai shari'a Yusuf Halilu ya ba ta beli a Maris ɗin 2018 bayan an gabatar da batun juna biyu da rashin lafiya. Har da masu lissafa watanni da yatsu. Ita tana da lauyoyi, 'yan jarida na biye da ita da kyamara, don haka aka san halin da take ciki. Matar da aka ɗauko daga wani ƙauyen Gassol a bayan a-kori-kura, mijinta ma sai ya sayar da buhun masara kafin ya sami kuɗin motar zuwa Jalingo dubiya, ita sai dai rajista ta yi mata lauya.

Su ma Turawan da kuke jingina wa maganar ba tsira suka yi ba. A Satumbar 2019, a kurkukun mata na Bronzefield a Ingila, wata yarinya 'yar shekara 18 ta haihu ita kaɗai cikin dare a ɗakin da aka kulle ta, ta danna ƙararrawa ba wanda ya zo, jaririyar ta mutu. Abin da ya sa ni da ku muka ji shi ne akwai mai binciken da aikinsa ke nan, ya shiga, ya yi tambaya, ya rubuta, aka buga kowa ya karanta.

Mu ma muna da masu shiga. Dokar 2019 ta ba alƙalai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ikon ziyartar gidajen yari, babban jojin jiha kuma kan zaga ya sallami waɗanda suka daɗe ba shari'a. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hannu a harkar gidajen gyaran hali, saboda haka 'yan majalisar Jalingo ba su da sauran damar cewa abin na Abuja ne. Roƙona bai fi ƙarfin alli ba. In an je, a tambaya: mata nawa ke da ciki, nawa suka haihu, a asibiti ko a ɗaki, wa ya karɓi haihuwar, jarirai nawa ke kwana a nan, nawa aka yi wa rigakafi, nawa suka koma? A rubuta, a karanta a zauren majalisa ko da sau ɗaya ne a shekara.

Alhaji, ka ce ba ruwanka, na ji. Amma ranar da ɗan majalisarku zai zo gaisuwar Sallah, bayan ka gama roƙon taki da rijiyar burtsatse, ka jefa masa wannan tambayar ko don ka ga yadda zai sosa ƙeya. Kuɗin shayinka na yau kuma na biya, har da na mai burodin wani. Mai shayi ya ce ku biyu ne, shi bai rubuta ɗaya ba.