Kafin Ka Ankara

Tsofaffinmu ba sa cewa Accra, Ankara suke cewa. Na daɗe ina zaton karyewar harshe ce, sai da na zauna a unguwar Nima na gane hikimar: gari ne da za ka shigo da niyyar wata uku, kafin ka ankara jikanka ne ke yi maka tafinta a asibiti.

A bakin layinmu akwai wani benci da ke cika bayan sallar asuba. Mazaunansa 'yan "bana zan koma gida" ne, kuma ni ma ina da gurbi a ƙarshensa. Jagoranmu wani dattijo ne Bakatsine da muke kira Baba, wanda ya sauka a garin nan a 1979, shekarar da Rawlings ya fara juyin mulki, wai zai sayi goro ya juya. Rawlings ya yi mulki na soja, ya yi na farar hula, ya sauka, ya riga mu gidan gaskiya a 2020. Baba yana nan yana haɗa kaya.

Aikinmu a bencin nan ɗaya ne, kushe abin da muke sha. Mai koko za ta miƙo wa Baba kofi yana tururi, citta da kanumfari da barkono suna tsikarar hanci. Zai kurɓa, ya lumshe ido, zufa ta tsattsafo masa a goshi, sannan ya ce, "Wannan ai ba koko ba ne, magani ne. Ku je Katsina ku sha koko." Yana rufe baki zai miƙa kofin: "'Yata, ɗan ƙara, ki haɗo da ƙosai uku." Shekara arba'in da ɗoriya ke nan kokon bai yi masa ba, kuma bai taɓa fashi ba.

Abin dariyar, mutanen gari sun fi mu sanin darajar kayanmu. Kokon nan da sunanmu ake tallarsa a ko'ina a Gana. Tuwon zafi ya shiga manyan gidajen abinci. Shinkafa da wake kuwa, sun datse sunan, sun rubuta shi waakye, sun mayar da shi abincin ƙasa. Je ka layin mai waakye da hantsi ka ga ikon Allah: mai ƙatuwar mota da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ladabtu, don Hajiyar da ke riƙe da cokali ba ta san babban mutum ba. Ta zuba shinkafar da karan dafi ya rina ja a kan ganye, ta ɗora taliya da gari da ganda da ƙwai, ta ɗiga miyar yajinsu, shito, baƙi ƙirin. Mu kuma mu karɓa da hannu biyu, mu lashe ganyen tas, mu ce ai garau-garaun Kano ya fi.

Sai batun harshe. Makon da na zo aka gayyace ni biki a Maamobi, na ji ana guɗa ana cewa "Amarya ya iso!" Na yi ta leƙe ina neman gardin da aka sa wa lalle. Hausar Zango ba ruwanta da mace da namiji, kuma ta yafe wa kanta ƙ da ɗ da ɓ. Mun mayar da gyara wa yara magana sana'ar da ba albashi. Rannan na buga waya gida, ban san sanda na ce wa yayata, "Chale, matata ya gaishe ki" ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Ƙanena, ka yi aure na biyu ne, ko Hausar ce ta sake ka?"

Da yamma samari kan kafa butar shayin ataya, a yi ta ɗaga ta sama ana tsiyayawa har kumfa ya cika ɗan kofi. Zagaye uku ake yi, kuma kafin na ukun an gama gyara tattalin arzikin Afirka ta Yamma. Idan hira ta zo kan Mohammed Kudus, ɗan Nima da ya kai har gasar Firimiyar Ingila, duk wanda ke wurin shi ne ya koya masa yanka. Ana cikin haka sai a ɗauke wuta, abin da suke kira dumsor. Wani daga cikinmu zai soma, "Kai, a gida dai..." sai ya tuna halin wutar gida, ya haɗiye sauran maganar da shayi.

Ranar Laraba kasuwar Nima ke ci. Nan za ka ga ƙato da gemu ya tsaya gaban tiren daddawa yana shaƙa kamar turaren Makka. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa. Tun 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma wasu iyayenmu mata ba su yarda ba har yau. Tsohuwa za ta ce maka kuka ta dubu hamsin ce, ka miƙa sidi biyar, ka tafi kana taƙama kamar attajiri. Wane banki ne zai ba ka wannan farin ciki?

Laifin ba namu kaɗai ba ne, gado ne. Zango ai wurin da fatake ke yada kaya ne, a kwana a tashi. Kakanninmu masu safarar goron Gwanja suka kwana, suka zarce. Malam Barko ya kafa Sabon Zango fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har gobe sabo ne. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar maganarmu da gaske: a 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Waɗanda suka ga ranar sun ce ba wanda ya yi murnar komawa gida, kuka aka sha.

Bara dai Baba ya cika alkawari. Muka raka shi tasha, aka yi addu'a, aka yafi juna. Kwana goma sha biyu sai ga shi a kan benci, ya ɗan rame. Wai kokon can salam yake, ba yaji. Wai kwalbar shiton da ya tafi da ita jikokin ƙaninsa sun gama da ita a kwana uku. Abin da ya fi ƙona masa rai, duk unguwar "Alhaji ɗan Gana" suke kiransa.

Na ce, "To Baba, yanzu an haƙura ke nan?"

Ya harare ni ta saman kofi. "Wa ya gaya maka? Bana zan koma. Bari dai a ga bayan Sallah."

Ni ma akwatina na nan a kan kabad, a ɗaure. Amma mai koko ta ɗaga murfin tukunya, kuma yau ni ne na biyu a layi.