Gadin Famfo

Ƙanin matata da ke karatun sinadarai a Samaru ne ya jawo mini wannan wahala. Ya zo gidanmu a Kongo, aka miƙa masa ruwa garau a kofi, maimakon ya sha sai ya ɗaga shi sama yana leƙe.

"Yaya, kun taɓa gwada ruwan nan kuwa?"

Na ce kullum muna gwada shi, da baki. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce ba a ganin dalma a ruwa, ba a jin warinta balle ɗanɗanonta, kuma tsohon bututu ko kan famfo na tagulla na iya sako ta, kamar yadda aka gani a garin Flint na Amurka daga 2014. Mizanin Najeriya da na Hukumar Lafiya ta Duniya duk ba su yarda ta wuce miligiram 0.01 a lita ba. Jin an ambaci dalma sai gabana ya faɗi, don ban manta da ɗaruruwan yaran Anka da Bukkuyum da ƙurar dutsen zinare ta kashe a 2010 ba.

Uwargida ta ce ai muna sa alif, muna tafasawa. Ya ce alif laka yake kwantarwa, wuta kuma ƙwayoyin cuta take kashewa. Dalma da naitiret ɗin da ke tsiyayowa daga salga da takin zamani ko gezau, ruwan ne ma zai ƙafe ya bar su. Ya ba ni 'yan takardun gwaji masu canza launi, ya ce su na naitiret da tsami ne. Na dalma sai an kai ɗakin gwaji, ko a jami'a ko a cibiyar binciken sinadarai ta Basawa, kuma ruwan farko ake so, wanda ya kwana a bututu.

A nan ilimi ya ci karo da unguwarmu. A gidanmu iska ce ke kwana a bututu. Famfonmu kamar mai bin bashi yake, ba ya faɗin ranar zuwa. Yaron ya ce to, in tari na farkon da ya fito.

Daren da ruwan ya zo ina barci. Kafin in fito, uwargida ta cika randa da jarkoki, har tukunyar tuwo ba ta tsira ba. Na tambaye ta ina ruwan farko. Ta ce, "Abban Ummi, shiga ka tambaye su wanne ya riga zuwa."

Daga nan na koma kwana a tsakar gida, kan tabarma, gindin famfo, da tocila da gorar roba. Sauro ya samu walima. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya gan ni ƙarfe biyun dare na kara kunne a bututu. Washegari bayan sallar asuba liman ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko akwai abin da ke damuna a gida. Mai ga-ruwanmu kuma ya yi fushi, wai ya ji ana binciken ruwansa.

Ranan dai famfo ya yi tari, ya yi kaki, ya tofo. Na tara. Na tsoma takarda, nan take ta nuna tsamin da ya wuce misali, alhali ƙa'ida tsakanin 6.5 ne da 8.5. Na hana kowa shan ruwa, muka wuni kan fiyawata, kafin Ummi ta ce a gorar take jiƙa tsamiyar kunu.

Aka sake sabon gadi da sabuwar gora. Da na samu, na rubuta "Kada a taɓa" da manyan baƙaƙe, na sa a firji, na fita neman mai Keke zuwa Basawa. Na dawo na iske Kawu ya iso daga Giwa cikin zafin rana, yana zaune a falo yana goge gemu, gorar na gefensa ba ko ɗigo. Kawu ajami yake karantawa.

"Ɗana, Allah ya yi albarka. Rabona da ruwa mai daɗin wannan tun ina saurayi."

Yanzu duk Juma'a sai na buga masa waya in tambayi lafiyarsa dalla-dalla: ciki, kai, gaɓoɓi. Ya gaya wa dangi kaf cewa a 'ya'yan ƙanwarsa babu mai zumunci kamata, kuma ya aiko a cika masa jarka guda.