Kowa da Irin Duƙawarsa

Ruwa kan riga sauka a kudancin Kano. Lokacin da mutumin Ɗambatta yake ta ɗaga kai yana duban gabas, na Doguwa ya gama shuka, masararsa har ta tsiro. Wanda ruwa ya riga isa wa kuwa, ciyawa ma ta riga isa masa. In ka karya daga Kwanar Ɗangora ka miƙa hanyar Tudun Wada a watan Yuni, dama da hagu ba abin da za ka gani sai bayan mutane a duƙe, kuma daga cikin mota duk ɗaya suke. Sai ka sauka ka tsaya bakin gona za ka gane cewa duƙawa iri-iri ce.

Akwai Mai Gyaran Ƙota. Shi ne farkon zuwa gona, shi ne ƙarshen duƙawa. Da isowarsa zai juya fartanya ya ce bakinta ya dakushe, ya nemi dutse ya zauna wasawa. In ta wasu, sai ya gano ƙotar tana rawa, ya shiga neman tsinken da zai cusa mata. Kafin ya daidaita ta hantsi ya dubi ludayi, an kawo koko. Ba a taɓa jin ya ce ya gaji ba, don bai taɓa yin abin gajiya ba. Amma a ba shi haƙƙinsa: duk ƙauyen babu fartanya mai kaifin tasa, shi ya sa kowa ke zuwa aro.

Ɗan Jinga ya fi shi haɗari, don shi aikinsa yana da kyau a ido. Wanda ya taɓa ɗaukar 'yan ƙwadago ya san bambancin biyan yini da jinga. In yini ne, mutum zai noma kunya ɗaya yana ba ka tarihin kakansa. In jinga aka yi, kafin azahar ya tashi gonar, ya karɓi kuɗinsa, ya ce, "Alhaji, a duba aiki." Ka duba, ƙasa baƙa wuluk, ko tsinke babu. Abin da ya yi shi ne ya ja ƙasa ya lulluɓe ciyawar da ranta. Ruwa ɗaya za a yi, bayan kwana uku harƙiya ta ɗago kai, ta fi da ƙiba, don an yi mata huɗa kyauta. Kiri-kiri da jiji kuwa ko an sare su ba su mutu ba, muddin saiwa da 'ya'yan suna ƙasa. Sai an tono an kakkaɓe an shanya a rana. Ɗan Jinga ya san wannan sarai. Ya kuma san cewa ran da za a gano shi yana can wajen Yaryasa yana yi wa wani Alhajin.

Gwarzon Gayya ba ya ha'inci, shi dai kada a doka ganga. Da makaɗi ya ambaci sunan ubansa, sai ya tuɓe riga ya kama kunya, bai ƙara sanin dawa ba bai ƙara sanin ciyawa ba. Duk abin da ya tsaya a gabansa abokin gaba ne. Yakan riga kowa fita ƙarshen gona, ya ɗaga fartanya sama ana guɗa, mai gona yana biye da shi a baya yana tsintar dawarsa yana salati a hankali, don ba a yi wa mai taimako faɗa.

Sai Manomin Asabar. Ma'aikaci ne a birni, ya sayi gona wajen Kiru ko Bebeji tun da ya ji an ce a koma gona. Yakan iso da farar shadda da takalmi sau-ciki, ya karɓi fartanya a hannun yaro, ya duƙa daidai tsawon lokacin da za a ɗauke shi hoto, ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Kafin ya kai Kwanar Ɗangora hoton ya hau Facebook. Shi ne wanda ya ga ƙuduji ya yi fure ja-ja a cikin masararsa, ya ce kada a taɓa, ya ƙawata gonar. Yaron gonar ya ce, "To, ranka ya daɗe." Bai gaya masa cewa wannan furen ya gama shan jinin masarar tun yana ƙarƙashin ƙasa ba, kuma in aka bar shi ya zubar da iri, irin zai yi shekara goma ko fiye yana jiran wata shukar.

Mai Feshi ɗan zamani ne, ya saki fartanya ya goya inji. A wurinsa duƙawa jahilci ne. Ma'auninsa gwangwanin madara, in ciyawar ta yi masa taurin kai ya ƙara rabi, ya haɗa magani biyu ko uku ya motsa da hannu. Takardar da ke jikin kwalbar bai taɓa karanta ta ba, hanci da baki a buɗe, ƙafa ba takalmi. Ba ya kuma tambayar iska inda ta nufa, sai washegari maƙwabci ya tarar da wakensa ya yi fari fat. Mata sun fi kowa jin haushinsa, don lalo da rama da tafasa da zaƙi-banza da suke tsinka a gefen kunya su kai tukunya, duk a idonsa ciyawa ce.

Mai Cin Iyaka ba ya hayaniya. Kowace shekara in an zo huɗa, shanunsa sukan yi kuskuren kunya ɗaya, kuma ba su taɓa yin kuskuren ta ɓangaren da zai rage masa ba. Gambar da aka dasa a kan iyaka tana tafiya da kanta. Maganarsa tana gaban mai unguwa.

Da rani labarin yakan koma bakin ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen wannan yanki suka samu noma biyu a shekara, suka kuma samu Injiniyan Fangali. Dattijo ne yawanci, kuma ni ina ganin girmansa, ko da yake ba na fatan in yi masa ƙwadago. Zai yi kaftu, ya farfasa hoge, ya baje, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya kwashe ƙasa cikin tafi ɗaya daga wannan kusurwa ya kai waccan. Gaskiyarsa ce: fangalin da ya karkace, gefe ɗaya albasa ta ruɓe, gefe ɗaya ta ƙone, ga man injin ban ruwa da ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafi a 2023. Matsalar ita ce irin tumatir ba ya jiran gwaninta. Sati uku zuwa huɗu ya isa dashe, shi kuwa Baba yana fangali na tara, irin ya yi tsawo ya fara fure a inda aka yafa shi. In ɗansa ya ce, "Baba, maƙwabta fa sun dasa," sai ya ce, "Je ka dubi fangalinsu, kamar kwanciyar raƙumi." Ranar da ya saki ruwa kuwa, ya shiga ko'ina lokaci ɗaya, sai ya tsaya ya harɗe hannu a baya yana jiran wani ya wuce ya gani.

Ƙarƙashin kowace ɗorawa kuma akwai Malamin Inuwa, wanda ya yi sallama da fartanya tun zamanin Shagari amma bai yi sallama da noma ba. Daga zaune yake gyara wa kowa: wannan ya yi zurfi, wancan ya yi sama-sama, maimai ya makara, yaran yanzu ba ƙashi. A zamaninsu, in ji shi, mutum ɗaya kan tashi gonar gandu kafin la'asar sannan ya wuce gayaunarsa. Tsaransa da za su ƙaryata shi duk sun riga mu gidan gaskiya.

Duk waɗannan, mutum ɗaya suke tsoro: Gwaggo mai kawo fura. Ba ta noma, ba ta ba da shawara. Takan sauke ƙwarya, ta bi kunya a hankali tana tsinkar ganyen miya, ta sa ɗan yatsan ƙafa ta tone inda Ɗan Jinga ya lulluɓe, ta dubi dawar da Gwarzo ya fille, ta dubi tsabtar rigar Mai Gyaran Ƙota. Ta ce, "Sannunku da aiki," ta ɗauki ƙwaryarta. Kafin magariba matan gari sun san wanda za a ba 'ya da wanda za a ce masa yarinyar karatu za ta yi.