Sannu da Ƙoƙari, Alhaji Ejan

Mutanen karkarar arewacin Kano suna da nauyin baki wajen godiya, don haka bari in ari bakinsu in ci musu albasa. Daga Ɗambatta zuwa Makoɗa, daga Kunchi zuwa Tsanyawa da Bichi, akwai bawan Allah ɗaya da bai taɓa mantawa da mu ba. Ɗan siyasa sai bayan shekara huɗu muke ganin fuskarsa. Malamin gona kuwa, yaran yanzu ba su ma san kamanninsa ba. Amma Alhaji Ejan, dillalin 'yan ƙwallo, kaka ba ta wuce shi. Da an ɗaure dami, gyaɗa da wake sun shiga kasuwa, sai ka ga motarsa a bakin filin firamare, an sauke gilas ana kallon yara. Ga shi da sanin ya kamata: tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ana auna tsaba da kwano, ba ya takura wa kowa da ziyara.

Alherinsa na baya-bayan nan da na sani ya sauka ne a kan wani yaro ɗan shekara 15, ɗan maƙwabcinmu a ƙauye. Gola ne, dogo, mai manyan hannuwa, irin wanda ke faɗawa ƙafar ɗan gaba ba tare da ya runtse ido ba. Kulob ɗinsu na gari ya watse ba da faɗa ba. Manyan sun tafi birni tuƙin Adaidaita Sahu, wasu sun gangara kudu cin rani ba su dawo ba, filin da suke atisaye kuma aka yanka shi filotai. Wanda bai san ƙwallo ba zai ce to ya nemi wani kulob mana. Ɗan gaba yana iya samun bango ya yi ta dukan ƙwallo shi kaɗai har magariba, amma gola sai da masu buga masa. Kuma kowane kulob mutum goma yake zubawa a fili, raga kuwa mutum ɗaya take ɗauka, shi ma galibi an daɗe da shi, koci ya saba da shi. Uban yaron ya hau babur ya zaga garuruwan kusa. Nan a ce muna da gola, can a ce ya zo amma ya riƙa biya wa kansa kuɗin mota kullum, ya zo da safar hannu da takalminsa. A wannan hali Alhaji ya same su, kuma shi kaɗai ne a duk faɗin jihar ya ce yana so.

Ranka ya daɗe, dole a jinjina wa idonka. Masu horarwa na gaske sukan kalli gola kakar wasa guda, su ga yadda yake fitowa ɗaukar kwana, yadda yake tsawata wa 'yan bayansa, yadda yake tashi bayan an zura masa ƙwallon banza, sannan su yanke hukunci. Kai minti goma ya ishe ka, rabinsu ma kana waya. Ka kira uban gefe, ka dafa kafaɗarsa, ka ce, "Baba, wannan yaron naka zinare ne. Irinsa Turawa ke nema ruwa a jallo. Gurbi biyu ne ya rage mini, ka yi sauri." Kuma adalcinka ba shi da na biyu, domin ba a taɓa jin yaron da ya biya kuɗin fom ya faɗi gwajinka ba. Gurgu ma in ubansa ya sayar da gyaɗa, zinare ne.

Haka nan ba ka ɗora wa talaka kaya gaba ɗaya. Ka fara da kuɗin fom, wanda akuya ɗaya ta ɗauke. Sai kuɗin gwaji a Kano, inda aka tara yara fiye da abin da fili zai ɗauka, kowa ya taɓa ƙwallo 'yan mintoci aka ɗauki hoto da riga mai lamba. Wannan tunkiyar Inna ce ta biya, wadda take kiwo don auren ƙanwar yaron. Sai fasfo. Sai takardar gayyata mai tambarin wani kulob, ta iso ta WhatsApp da Turancin da babu mai karanta shi a gidan. Nan bijimin huɗa ya tafi kasuwar Ɗambatta, ɗan'uwansa ya zauna shi kaɗai, garma kuwa ba ta jawuwa da sa ɗaya. Da aka zo kan biza da tikiti da abin da ka kira kuɗin ajiya, shi ma ya bi sahu, babu sauran mai ƙafa huɗu a gidan. Sai gona.

A nan ne nake cire maka hula, Alhaji, domin ka yi abin da ya gagari manyan masifu. Wanda bai san ƙasarmu ba, ba zai gane girman aikin ba. Mu nan ba mu da daji, ba mu da saura. Gona tana jikin gona, iyaka ɗan layin gamba ne ko kuka ko ɗorawa. Ƙasar da kakanni suka noma ita ake nomawa kowace shekara babu hutu, kuma abin da ya riƙe ta taki ne: kashin awaki da tumaki, toka, sharar gida, wadda ake lodawa a mangala jaki ya kai tun da rani, tuli bayan tuli. Duk mutuwa sai an sake raba gado, gonar ta ƙara tsukewa, har ta kai magidanci mai iyali goma yana riƙe da abin da zai zagaye kafin ya gama lazimi. A cikin wannan ɗan fegi ake haɗa gero da dawa da wake, a samu tuwo, a samu harawa. Farin 1973 ya zo, mutane suka ci abin da ba a ci, suka riƙe gonakinsu. Na 1984 ya zo, suka sayar da dabbobi, suka tafi cin rani, suka dawo suka tarar da gonakinsu. Kai da waya ɗaya da takarda mai tambari ka sa mutum ya kira shaidu da kansa, ya ba da gonar ubansa jingina, yana yi maka addu'a. Kowa ya san ƙa'idar jingina: wanda ya ba da kuɗi shi ke nomawa har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Wanda ba shi da gona kuma, daga ina zai tara kuɗin fansa?

Sai baiwarka ta sarrafa shekaru. Allah ya ba kowa ranar haihuwa ɗaya, kai kana ba da biyu. Mai shekara 20 ka mayar da shi 16 don ya shiga gasar yara. Namu mai 15 kuwa ka ɗaga shi zuwa 18, saboda ka san abin da uban bai sani ba, cewa sashe na 19 na dokar FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana kai yaron da bai cika 18 ba wata ƙasa, in ban da 'yan togaciya ƙalilan da ba su shafi ɗan manomi daga Kunchi ba. Hukumar ta gaji da irin wannan baiwa har ta kawo na'urar MRI mai duba ƙashin wuyan hannu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a nan filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Ƙasar da ta ɗauki kofin sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, ta kasa zuwa ko gasar Afirka. Kai da abokan sana'arka kuna da kaso a wannan tarihi, kada tawali'u ya sa ku ƙi karɓa.

Na lura kuma ba ka rabuwa da hoton Ahmed Musa a wayarka. Kana nuna wa iyaye gidajensa da motocinsa, kana barin sauran labarin don kada ka gajiyar da su. Ba ka gaya musu cewa a Jos ya taso, ya bi ta makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, sannan ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 a gaban dubban mutane. Ba ka gaya musu cewa da VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoba kafin ya taka musu leda, kuma kulob ɗin ne ya biya kuɗi, ba gidansu ba. Na gola ma ya fi wannan jan hanya. Stanley Nwabali, wanda ya tare bugun fenariti biyu na Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a farkon 2024, ya yi shekaru yana gasar cikin gida, har da Katsina United nan maƙwabta, sai a 2022 ya koma Chippa United. Yana da shekara 27 duniya ta san sunansa. Gola a hankali yake nuna, ɗan 15 ba abin da ya wuce shi. Amma da ka faɗi haka, wa zai yi sauri?

Dole kuma in yaba maka kan tausayi, domin namu yaron ka bar shi a gida. Wasu abokan aikinka sukan cika alkawari su kai yara waje. A 2015 BBC ta ba da labarin yara 23 daga Afirka ta Yamma, akasari 'yan Laberiya, da aka kwasa zuwa ƙasar Laos da sunan makarantar ƙwallo, suka ƙare suna kwana a ƙasa cikin ginin filin wasa. Kai ba ka yi wa kowa wannan ba. Ranar da aka sa za a tafi, uba da ɗa suka yi sammako zuwa Kano da jaka da ƙullin ƙuli-ƙuli da Inna ta ɗaura, suka zauna inda ka ce su jira tun hantsi har isha'i. Wayarka a kashe. Har yau a kashe take.

Mafi girman gwanintarka ita ce shirun da kake bari a bayanka. Uban ba zai kai ƙara ba, don ba shi da rasit, kuma kunya ba za ta bar shi ya tsaya gaban dagaci ya ce an yi masa wayo ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Allah bai nufa ba." Yaron ya daina zuwa ko kallon ƙwallo. Yana bin ubansa ƙwadago a gonakin mutane, har da gonar da ta kasance tasu. Ran nan ya ce, "Baba, ka yafe mini," uban ya kau da kai ya ce, "Me ka yi mini?" Shi ke nan, laifin ya rabu tsakanin yaro da ƙaddara, kai ko ƙura ba ta taɓa babbar rigarka ba. Shirun nan shi ne jarinka, da shi za ka shiga gari na gaba kaka mai zuwa.

Akwai masu kare ka a majalisa, suna cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, wai kwaɗayin uban ne ya ja masa. Wannan magana tana ƙona mini rai. Mutumin da ya ga ɗansa yana da baiwa, ya ga gonar da za a raba wa 'ya'ya maza biyar ba za ta riƙe ko ɗaya ba, ya nemi wata ƙofa, ba kwaɗayi ya yi ba, aikinsa na uba ya yi. In ana neman masu tarayya da Alhaji a lada, a duba waɗanda suka share masa hanya. Madalla da waɗanda suka bar gasar makarantu ta mutu a karkara, har firamare ta koma ba ta da ko ƙwallo ɗaya a ofishin hedimasta. Madalla da waɗanda suka ga filin wasa suka hango shaguna. Madalla da masu sa kofi wata uku kafin zaɓe, a raba riguna masu hotonsu, a watse da an rantsar da su. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 44, tana da Pillars da ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, kuma a birnin Kano ake buga gasar matasa ta Kofin Ramat don tunawa da Janar Murtala. Hanyar tana nan, amma a bakin birni kwaltarta ta ƙare. Da akwai gasa mai ɗorewa tsakanin mazaɓu, da koci mai takarda da ke zagayawa yana rubuta sunayen yara, da uban golan nan ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da Alhaji ya nemi wata sana'a.

Iyaye, ku nake wa magana yanzu, babu gatse. Tun 2023 FIFA ta wajabta wa dillalin 'yan wasa ya ci jarrabawa ya riƙi lasisi, kuma sunayen masu lasisin suna shafinta na intanet, duk malamin makaranta mai waya zai iya duba muku. Dokarta ta hana neman kuɗi ko karɓarsu saboda gwajin ɗan wasa a ƙasar waje. Kulob ɗin da ke son ɗanka shi ke kashe kuɗi a kansa. In ɗanka gola ne ya rasa kulob, ka kai shi na garin da ke kusa ko da benci zai fara zama, ka haɗa shi da malamin wasanni na sakandare, ka bar shi ya gama karatunsa. Duk wanda ya zo ya ce ka kawo kuɗin fom ko na biza yau-yau, kada ka kwance ko akuya. Ka riƙe lambar motarsa, ka je ka gaya wa mai unguwa tun bai shiga gida na gaba ba.