Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'ajiyar Takardun Sojojin Amurka Da Ke St. Louis

Ranki ya daɗe,

 Mai wannan wasiƙa ba shi da kawu ko kaka a cikin fayil-fayil ɗinki. Ɗan karambani ne kawai mai bin labarin mazan jiya, sai wani abu ya tsaya masa a rai game da sojan da ya yi bajinta a fagen fama amma takarda ta ƙi shaidarsa.

Kin fi kowa sanin yadda abin yake. Tun daga 1950, duk sojan Amurka da ya tuɓe kaki ana miƙa masa takardar sallama mai suna DD 214, a cikinta kuwa akwai gurbin da ake jera lambobin yabon da ya samu. Abin da ke cikin gurbin nan shi ne gaskiya a idon hukuma. Tabon harsashi a cinya ba ya magana idan akawu ya manta ya buga "Purple Heart", lambar da ake ba wanda abokan gaba suka raunata. Kuma ba maganar ƙarfen ratayawa a ƙirji kaɗai ake yi ba: mai wannan lamba ana ba shi fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji, tana kuma cikin abubuwan da ke buɗe wa mutum ƙofar a binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Yaron da ke ɗokin komawa gida wajen mahaifiyarsa kuwa ba ya tsayawa duba gurbi. Hannu yake sawa ya ɗauki jakarsa. Sai bayan shekara hamsin jikarsa ta buɗe akwati ta ga takarda ba ta yi daidai da labarin da ake ba su da dare ba.

Gwamnati ba ta rufe ƙofa ba, a yi mata adalci. A 1946 majalisar dokoki ta gaji da yin doka guda saboda mutum guda duk lokacin da aka yi wa wani kuskure a fayil, sai ta sa kowace runduna ta kafa kwamitin farar hula na gyaran takardu. Mai ƙorafi ya cike fom mai lamba 149, ya faɗi inda aka yi kuskure ko aka zalunce shi, cikin shekara 3 da gano hakan, ko da yake kwamitin na iya ɗauke kai daga wa'adin idan ya ga adalci ya buƙaci haka. Idan an dace, sai a gyara masa takardar sallama. Sai dai akwai wani sharaɗi da ke zaune a tsakiyar lamarin: kwamitin yana farawa ne da ɗaukar cewa abin da hukuma ta rubuta daidai ne, mai ƙara shi zai kawo hujjar da za ta karya shi. To ina zai samo hujjar? A wurinki, ranki ya daɗe.

Nan ne ake jin nauyin tuna miki da daren 12 ga Yuli, 1973. Jim kaɗan bayan sha biyun dare wuta ta tashi a hawa na shida na tsohon gininki da ke titin Page. Gini ne na ji da gani, Minoru Yamasaki ne ya zana shi, mutumin da ya zana tagwayen benayen nan na New York, amma ba a sa na'urar yayyafa ruwa a inda takardu suke ba. Wutar ta yi awa 22 tana cin karenta ba babbaka, ba a ce ta mutu ba sai ranar 16 ga wata, kuma har yau ba a tabbatar da musabbabinta ba. Da hayaƙi ya lafa aka ƙiyasta fayil miliyan 16 zuwa 18 sun tafi. Na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, kashi 80 cikin ɗari sun ƙone. Wato yaƙin duniya na ɗaya, da na biyu, da na Koriya, duk a dare guda. Babu kwafi a wani wuri, ba a ɗauke su a fim ba, babu ma cikakken jerin sunayen abin da ke ɗakin.

Na sojojin sama kuwa abin har da ban dariya, in mutum yana da ƙarfin zuciyar yin ta. Wutar ta cinye kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka sallama tsakanin 1947 da 1964, amma daga sunan da ke bin Hubbard, James E. zuwa ƙarshen haruffa. Sunan mahaifin mutum ya fara da A ko B, takardunsa na nan daram. Ya fara da S ko W, sai dai haƙuri. Ba a taɓa jin inda aka raba jarumta bisa abacada ba sai a gidanki.

Ba za a ce kin zauna kin naɗe hannu ba. Ma'aikatanki sun kwaso kusan fayil miliyan 6.5 jiƙaƙƙu da rabin-ƙonannu, aka kai wasu ɗakin zuƙe iska na kamfanin McDonnell Douglas, wanda aka gina don gwajin kayan tafiya sararin samaniya, aka busar da su a can. Har gobe akwai masu zama da safar hannu suna ɓamɓare shafi daga shafi, suna haɗa tarihin mutum daga takardar biyan albashi, da rahoton safiya na rundunarsa, da katin kwanciya asibiti. Kin koma sabon gini a 2011. Cunkoson buƙatu fiye da 600,000 da ya taru lokacin korona kin share shi a farkon 2024. Duk wannan an gani, an yaba.

Kuma ba kowane laifi ne naki ba, domin wata takardar ba ta ma iso ƙofarki ba. Ɗauki Paris Davis, baƙar fata, kyaftin a rundunar musamman. A watan Yunin 1965, kusa da Bong Son a Biyetnam, aka yi ta gwabzawa kusan awa 19. An raunata shi, an umarce shi ya janye, ya ce ba zai bar mutanensa kwance a fili ba, ya koma ya janyo su. Shugabanninsa suka rubuta a ba shi "Medal of Honor", lambar da babu ta sama da ita. Takarda ta ɓace. A 1969 aka sake rubutawa, ta sake ɓacewa. Takarda ɗaya, kan mutum ɗaya, sau biyu! Waɗanda suka yi yaƙi tare da shi ba su ɓoye abin da suke zargi ba, sun ce launin fatarsa ne. Sai ranar 3 ga Maris, 2023 Shugaba Biden ya rataya masa ita, yana da shekara 83, bayan 'yan sa kai sun shafe shekaru suna sake haɗa hujjojin da hukuma ta zubar.

Davis ma ya ci sa'a, ya ga abinsa da idonsa. Kofur Freddie Stowers an kashe shi a Faransa a 1918, takardar shawarar ba shi lambar ta maƙale a wani wuri, sai a 1991 aka miƙa ta ga 'yan'uwansa mata biyu, tsufa ya riga ya kama su. Henry Johnson, wanda ya kori ayarin Jamusawa da wuƙa a hannu a watan Mayun 1918, Faransawa sun ba shi lambar jarumtarsu tun a lokacin, ƙasarsa kuwa ta ba shi Purple Heart a 1996, babbar lambar a 2015, alhali ya rasu tun 1929. A yaƙin duniya na biyu gaba ɗaya ba a ba baƙar fata ko ɗaya wannan lamba ba, sai da masana daga Jami'ar Shaw suka tona takardu, sannan a 1997 aka ba mutum bakwai. Ɗaya ne kawai ke da rai, Vernon Baker.

Waɗannan su ne masu suna, waɗanda sanatoci da 'yan jarida suka tsaya musu. A bayansu akwai talakawan soja da babu wanda zai kira fadar shugaban ƙasa dominsu. A 1947 aka yanke cewa duk sojan ƙafa da ya samu bajen shiga artabu a yaƙin duniya na biyu, haka ma malamin jinya na fagen fama, ya cancanci "Bronze Star". To a lokacin mutane sun riga sun watse, sun koma gona da masaƙa, takardun sallamarsu na cikin akwati. Da yawa sun mutu ba su san suna bin gwamnati bashin tauraro ba.

Saboda haka ga roƙon mai wasiƙa, ki isar wa kwamitocin, tunda kuna gaisawa. Mai tsaron kayan da gobara ta ci a hannunsa ba shi ne zai tsare mai kaya da tambayar ina rasit ba. Inda fayil ya ƙone a gidanki, bai kamata a ci gaba da ɗaukar cewa shirun takarda hujja ce a kan soja ba. Idan tsoho ya zo da wasiƙar da ya aiko gida daga asibiti, da yankin jaridar garinsu, da rantsuwar abokan yaƙi biyu, a saurare shi da gaske. An san akwai masu ƙaryar jarumta, kuma dole a tace, amma tacewa daban, jan ƙafa daban. Doka ta ba kwamiti har wata 18 ya yanke hukunci, wanda ya yi yaƙin Koriya kuwa yau ya haura shekara 90, shaidunsa ma haka. Idan za a jera fayil a kan tebur, a sa nasu a sama, a kuma rubuta musu amsa da turancin da jika za ta iya karanta wa kakanta ba sai an nemo lauya ba.

A gaida masu safar hannu.

Wassalam.