Bokiti Biyu da Motar Surukina

A garin nan mutum yana iya kiwon tantabaru har su cinye masa rabin albashi, ba mai ce masa kanzil. Yana iya kwana a gidan kallo yana tayar da jijiyar wuya a kan Arsenal, ko ya ɗaure ingarma a ƙofar gida yana ɗura masa dusa da kanwa shekara guda cur saboda hawan sallah, duk a ce ai sha'awa ce. Amma magidanci mai aikin ofis, mai mata da 'ya'ya, ya naɗe ƙafar wando ya tsuguna gaban tayar motarsa da buroshi a hannu, to ranar majalisar unguwa ta samu abin yi har bayan Isha'i.

Ni tsadar mai ce ta ja min. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, motata, wata baƙar Corolla 'yar Kwatano, ta koma ta ado. Ofis a adaidaita sahu, kasuwa a ƙafa, ita kuwa sai Juma'a ko ɗaurin aure. To motar da ba ka da halin zuba wa mai, ai ka zuba mata ruwa, ko don ta san da mai ita. Ana cikin haka YouTube ya fara turo min wasu Turawa masu safar hannu, a cikin gareji fes mai fitilu ta ko'ina, suna bin lungu da saƙo na mota da 'yan ƙananan buroshi. Kafin in ankara na zama ɗalibi.

Kuma sun san abin da suke faɗa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, akwai launin, sannan a sama akwai wani marar launi garai-garai wanda kaurinsa bai kai silin gashi ba, shi ne mai ba da sheƙi. Duk ƙwayar yashin da tsumma ya ja a kansa sai ta bar zane. Waɗannan zane-zanen zagaye da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta doke ta, yawanci aikin tsumma ne. Shi ya sa suka ce bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, kada yashin da ka kwaso ya koma inda ya fito. A fara daga rufi a gangaro, taya da sosonta daban, kuma ba a wanki a rana. Omo kuwa ko kusa, don yana wanke kakin da ke kare fenti. Kakin ma na musamman ne, ana ce masa carnauba, daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Brazil. Da na haddace wannan duka, sai na dubi yaron da ya saba wanke min mota a bakin kwalbatin layinmu, da bokitinsa ɗaya tal da tsohuwar singileti, na ji tausayin duhun kansa ya kama ni.

Na shiga Sabon Gari na fito da kaya niƙi-niƙi. Uwargida ta ɗaga tawul guda ta shafa a kumatu.

"Malam, wannan ai ya fi na jaririyar nan laushi. Na waye?"

Na ce na mota ne. Ba ta ƙara magana ba, ta dai dube ni irin kallon da ake yi wa wanda za a fara nema wa rubutu.

Sai maganar ruwa. Famfon layinmu ya daɗe da yin ritaya, 'yan ga-ruwa ne gatanmu. A da kura ɗaya ta jarkoki masu lita 25 tana kai mu wani lokaci, yanzu kuwa mai ga-ruwa tun daga nesa yake washe baki yana "Oga, yau ma za a yi?" Matsalar ita ce ruwan burtsatsen da yake kawowa yana da ma'adinai, idan ya bushe a jikin baƙar mota sai ya bar fararen ɗige-ɗige ko'ina. Turawan tataccen ruwa suke ɗauraya da shi. Na yi tunani na ga tataccen ruwa ɗaya ne a gidan nan. Haka uwargida ta fito ta same ni da jakar fiya wata mai leda 20, ina fasawa da haƙori ɗaya bayan ɗaya ina tsiyayawa a kan bonet, ga yara a tsaye da kofi suna jiran na sha.

Maƙwabta kuma sun riga sun yanke nasu hukuncin. Alhajin da muke katanga ɗaya ya ja ni gefe bayan Magariba, ya rage murya: "Malam, in wani abu ya faru a wurin aiki, ai mun zama 'yan'uwa. Kada ka ji nauyi." Na rantse masa cewa nishaɗi ne kawai. Ya gyaɗa kai cikin tausayi, washegari sai ga yaro da kwano biyu na shinkafa. Wani kuma bai tsaya jaje ba, ya faka Golf ɗinsa a ƙofar gidana ya aiko ɗansa da makulli, wai a wanke har ciki, zai biya in ya dawo daga kasuwa. Yaron bakin kwalbati kuwa ya daina gaishe ni. A ganinsa ma'aikacin gwamnati ya sauko yana ƙwace masa abinci.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan hunturu. Turawan da suka koya min ba su taɓa ambatar kwarin Bodele ba, busasshen gindin wani tsohon tafki a arewacin Chadi, wanda ƙurarsa ke tsallake tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon. Ƙurar da ta iya wannan tafiya, Kano ai zango ne a wurinta. Ka gama shafa kakin Brazil da hantsi, ka shiga ka ci abinci, ka fito ka tarar motar ta yi furfura. Kafin La'asar wani ɗan makarantar allo ya rubuta "A WANKE NI" da yatsa a kan but, shi ke nan kuma zane ya zauna a fentin da ka yi rabin yini kana lallaɓawa.

Labarin ƙwarewata dai ya kai gidan surukai, ta bakin wa, ban bincika ba. Wata Juma'a da yamma sai ga Baba da kansa a cikin Peugeot 504 ɗinsa koriya. Motar nan tun zamanin Shagari take hannunsa, haɗin Kakuri ce a Kaduna, inda aka fara harhaɗa irinta a 1975. A cikinta aka kai uwargida makarantar firamare, a cikinta aka kawo min ita. Washegari akwai ɗaurin aure a Zariya, shi ne waliyyin amarya.

"An ce ka iya. A ɗan karkaɗe mata ƙura."

Na durƙusa na ce, "An gama, Baba, in sha Allahu."

A ɗan karkaɗe ƙura! Ni da nake da sabon injin feshin ruwa a kwali, ina ta jiran motar da ta cancanta.

Ana idar da sallar Asuba na fara da ciki. Abin da na zaƙulo daga ƙarƙashin kujeru ya isa a buɗe ɗan gidan tarihi: kwabbai masu hoton gyaɗa, busasshen goro, kaset ɗin wa'azi da zarensa ya fito, rasit ɗin mai na lokacin da ake cika tanki da canjin aljihu. A jikin gilashin ƙofar direba na ga wani kwalin sukari an ninke shi an cusa, ya yi baƙi ƙirin don dauɗa. Na zare shi da ƙyar na jefa a shara. Da na buɗe bonet kuma na ga an naɗe kan batir da wata tsohuwar robar tayar keke, abin ba kyan gani. Ita ma ta bi kwalin.

Aka yi sa'a akwai wuta. Na kunna injin feshi. Jama'a, abin akwai daɗi. Ƙasar da ta shekara da shekaru a maƙale tana ta zuba, ina ta bi. Da na iso ƙasan ƙofar baya sai na ga abin da ke tashi ya wuce ƙasa. Wani ɓaɓɓake ne fari-fari, ashe fotin da wani mai gyaran bodi ya cike tsatsa da shi ne tun ina ɗan makaranta. Ya fita fit, ya bar rami wanda ta cikinsa nake hango takalmina a ɗaya gefen ƙofar. Na ce ba komai, gefen ba shi ne mai kallon jama'a ba. Na juya kan inji na yi masa wanka na a zo a gani, har sai da kafireto ya fito da kalarsa ta asali.

Sannan man goge fenti. Shafa ɗaya na ga tawul ya koma kore. Fentin da, ashe, ba shi da wancan hawan na sama, launin kansa kake gogewa. Da farko abin ya ba da sha'awa, don wani kore ya fito sharr wanda ina jin ko Baba ya manta da shi. Sai na ƙara ƙarfi. A gefen bonet, inda fenti ya fi siranta, wani tabo ruwan toka ya leƙo. Na goge kewayensa don ya saje, ya ƙara faɗi. Na sake gogewa. Da ya kai faɗin faifai sai na ajiye tawul, na gyara wa motar tsayuwa yadda gefen mai kyau zai fuskanci ƙofar gida. Da hannu na tura ta, ban ga dalilin ƙona wa Baba mai ba.

Da hantsi Baba ya iso da aminansa uku, kowa cikin babbar riga ta shadda tana ƙamshin turare. Suka tsaya suna "Masha Allah, kai, ta koma sabuwa!" Majalisa ma ta taso kallo. Baba ya shiga ya ja ƙofa garam, gilashin ya sulale cikin ƙofar a hankali har ya ɓace. Ya dubi inda gilashin yake a da, ya dube ni.

"Ina kwalina?"

Kafin in haɗa amsa ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Ya fito ya ɗaga bonet, idonsa ya wuce injin da ke walƙiya bai ko tsaya ba, ya sauka a kan batir.

"Ina robata?"

Haka aka tura babban ɗana cikin shara ya tono robar. Kwalin kuwa ruwan wanki ya riga ya mayar da shi fate. Aka ɗaure kan batir, inji ya fara juyi, gurr-gurr-gurr, amma ya ƙi kamawa. Aka ce a tura. Ban taɓa ganin dattawa uku sun saɓa babbar riga a kafaɗa suna tura mota a kan layi ba sai ranar, da Alhajin katanga, da mai Golf, da mai ga-ruwa da ya ajiye kurarsa don ya taimaki babban kwastomansa. Aka kai ƙarshen layi aka dawo. A juyowar ne jama'a suka ga ramin ƙofa da tabon bonet, salatin da aka saka har matan cikin gida sun ji.

A bakin kwalbati motar ta tsaya a zagaye na gaba. Yaron nan yana zaune a kan bokitinsa, tun ɗazu yana kallo. Ya taso ba gaggawa, ya gaida Baba, ni ko kallo ban samu ba. Ya ɓalle maƙalai biyu na murfin distiributa, ya ɗaga, ga ruwa kwance a ciki. Ya goge da singiletin nan da na raina, ya hura da baki, ya bi wayoyin fulogi ɗaya-ɗaya ya tsane su, ya mayar. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Sai a lokacin ya juyo gare ni. "Yallaɓai, tsohuwar mota leda ake ɗaura mata a nan kafin a sa ruwa. Kowa ya sani."

Mota ta tashi, amma ba mai kai dattawa Zariya cikin sanyin hunturu da taga a buɗe. Baba ya miƙo hannu, na zuba masa makullin Corolla, da man da na yi wata ina tattali a cikinta. Ban samu sukunin faɗa musu cewa na fesa wa ledar kujerun baya man sheƙi ba. An ce tun daga shataletalen farko dattawan ke zamewa suna haɗuwa a gefe guda, har suka isa ba wanda hularsa ta zauna daidai.

Bayan Isha'i suka dawo min da ita. Baƙar mota ta koma ja. Ɓawon rake a ƙasa, tukar goro a jikin ƙofa, a but kuma kwandon tumatir da suka tsaya suka saya a Kwanar Gafan yana ta tsiyaya a kan kafet ɗin da na bi da buroshin haƙori. Baba bai yi min faɗa ba, dattijo ne. Abin da kawai ya ce wa 'yarsa shi ne, "Mijin naki akwai ƙoƙari." Ita ce ta fassara min, da ƙarin bayani, har tsakar dare.

Kuɗin mai fenti da mai gyaran bodi da mai gilashi daga aljihuna suka fita, kuma da a ce mai na saya da su, da na yi watanni ina zuwa ofis a mota. Ni dai har gobe ina nan a kan bakana cewa ƙa'idar bokiti biyu daidai take, kuma ba inda aka rubuta cewa kwalin sukari yana cikin kayan gyaran 504. Sai dai an yi zama a gida an yanke hukunci ba da ni ba. Corolla ta koma hannun yaron bakin kwalbati, wanda ya ƙara min kuɗi, wai motar Yallaɓai sai da kulawa ta musamman.

Saboda haka duk mai bukatar injin feshin ruwa, kusan sabo, da kwalinsa, ya zo ya yi ciniki da uwargida, ita ta sa kuɗin kuma ba ta ragi. Za a haɗa masa da ragowar kakin Brazil da bokiti ɗaya. Ɗayan an riga an jiƙa gero a ciki.