Mai Digirin Nutso

A ƙasashen sanyi akwai wata larura da ke kama samari da 'yan mata idan sun doshi shekara 30. Mutum yana da aikinsa, albashi na shigowa ƙarshen wata ba fashi, ga ɗaki ga mota, sai wata Litinin da safe ya ƙura wa kwamfutar ofis ido ya ce rayuwar nan ta ishe shi. Ba zai je asibiti ba, ba zai nemi shawarar manya ba. Takardar ajiye aiki zai rubuta, ya sayar da kujerun ɗakinsa, ya kai kyanwarsa riƙo gidan mahaifiyarsa, ya saɓi jakar goyo, sannan ya shelanta wa duniya a Instagram cewa ya tafi uwa duniya shi kaɗai, ba zai dawo ba sai ya zama gwanin nutso a teku. Kaɗaicin nan shi ne abin tinƙahon. Da zai ce da ƙanensa zai tafi, ba mai danna masa alamar so.

Wuraren da ake kai wannan larura magani sanannu ne. Akwai tsibirin Koh Tao a Tailan, wanda faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 21 ba amma makarantun nutso sun cika shi maƙil. Akwai Utila a Honduras, akwai Gili Trawangan a Indonesiya. Sai kuma Dahab, a gaɓar Sina'i ta ƙasar Masar, wanda a da ƙauyen Larabawa makiyaya da masunta ne. Dahab na bakin Bahar Maliya, tekun da mu a nan ba mu san shi da komai ba sai halaka Fir'auna. Yau mutane ke biyan kuɗin jirgi su je su nutse a cikinsa da ƙafarsu, har a ba su rasit.

Gogan naka zai sauka a Sharm el-Sheikh, mota ta yi arewa da shi tsakanin duwatsu da rairayi, ya isa masauki yana jin kansa wani jarumi da ya keta daji. Yana buɗe ƙofa sai ya tarar da ɗaki cike da gadaje masu hawa biyu, kowane gado da jarumi a kai. Wannan ya baro banki a Jamus, waccan ta baro saurayi a Ingila, wancan ya baro duka biyun a Faransa. Kowa shi kaɗai ya zo, kowa labarinsa iri ɗaya, har zanen kunkurun da ke damtsensu iri ɗaya ne. Da dare a zauna kan kilisai a bakin ruwa ana shan shayin Larabawa, kyanwoyi na zagaya faranti, kowa na jiran na kusa da shi ya numfasa don ya fara ba da nasa tarihin.

Washegari a shiga aji, kuma darasin farko shi ke rusa tafiyar gaba ɗaya: ba a nutso mutum ɗaya. Doka ce. Dole a haɗa ka da abokin nutso, ka duba kayansa ya duba naka kafin ku shiga, a ƙarƙashin ruwa kada ku yi wa juna nisa, idan iskarka ta ƙare ka miƙa hannu ka kama tiyonsa na ko-ta-kwana ka shaƙa. Wato mutumin da ya gudu daga manaja da mai gidan haya da dangi, ga shi an ɗaure shi da wani akanta da bai taɓa gani ba, mai haki da zuƙar iska ba lissafi. Minti 30 da shiga, tukunyar iskar akanta ta yi ƙasa, sai a fito tare. Ba ka isa ka ce ya yi gaba kana tafe ba.

Wannan sana'a ba tsohuwa ba ce can. A 1943 ne Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, Faransawa biyu, suka haɗa na'urar da ke ba mutum iska daga tukunya daidai da matsin ruwan da yake ciki. A 1966 wasu Amurkawa biyu, John Cronin da Ralph Erickson, suka kafa PADI, ƙungiyar da katinta ya fi yawa a aljihun masu nutso a duniya. Ni dai ina jinjina wa basirar kasuwancin. Teku na Allah ne, ba mai iya sa masa ƙofa, sai aka yanka zurfinsa gunduwa-gunduwa ana sayarwa. Katin farko ya ba ka izinin mita 18. Kana son mita 30? Ga wani kwas. Bayansa kwas ɗin ceto, da na taimakon gaggawa. Sai ka rubuta nutso 40 a ɗan littafinka kafin a yarda ka fara neman muƙamin da suke kira Divemaster, wato jagoran masu nutso, kuma sai ka cika 60 kafin a ba ka shaida. Kowane mataki da kuɗinsa, da littafinsa, da hoton da za a ɗora a intanet.

Jarrabawar kuwa ba wasa ba ce, kada a zalunce su. Za ka yi iyo mita 400 ba tsayawa. Za ka tsaya a ruwa mai zurfi minti 15 ba abin kamawa, minti 2 na ƙarshe hannuwanka a sama. Za ka yi mita 800 fuska a ruwa da takalmin agwagwa ba tare da taimakon hannu ba, sannan ka ja wani ƙato da ya yi lamo mita 100. Za ka zana taswirar wurin nutso, ka kuma nuna dabaru fiye da 20 a hankali, da ƙarin gishiri a kowane motsi, yadda sabon shiga zai kwaikwaya.

Amma duk wannan na 'yan kwanaki ne. Ainihin karatun, wanda ke cin makonni, ba ya fitowa a hoto. Da sassafe ɗalibi zai fara jidar tukwanen iska zuwa bayan a-kori-kura, kowace cikakkiya ta haura kilo 15, ga ɗamarar dalma da ake ɗaura wa mutum don ya nutse. A bakin ruwa shi zai durƙusa ya sa wa baƙo takalmi, shi zai koya masa ya tofa yawu a cikin gilashin fuska ya murza da yatsa don kada ya yi hazo, baƙon na yatsina fuska. Da yamma sai wankin rigunan roba na haya. Ruwa na da sanyi, matsi na sa mara ta cika, rigar kuma ba ta da zif a inda ya kamata, sauran bayanin hanci ne ke yin sa. Mai digiri biyu a harkar kuɗi zai zuba maganin kashe wari a baho, ya tsoma rigar da wani ɗan yawon buɗe ido ya yi abin da ya yi a ciki, ya matse, ya shanya, ya ɗauki ta gaba. Yaron bakanike a garejinmu shi ma yana wanke sifana yana cin tsawa, amma aƙalla maigida na ba shi na abinci da rana. Wannan shi ke biyan maigida, da dala. Da dare kuma ya hau waya ya rubuta cewa bai taɓa ɗanɗana 'yanci irin na yau ba.

A ƙarƙashin ruwa ba magana, sai da hannu, kuma nan tarbiyyar Instagram ke tona asirin mutum. Idan lafiya lau kake, yatsa manuni da babban yatsa za ka haɗa su yi zobe. Ɗaga babban yatsa sama kuwa nufinsa a tashi, nutso ya ƙare. Sai ka ga sabon shiga ya hango kunkuru, daɗi ya kwashe shi, ya juya wa mai kyamara ya cilla babban yatsa sama. Jagora ya dube shi, ya dubi agogo, ya tattara jama'a a yi sama minti 10 da shiga, kowa na hararar sa ta cikin gilashi.

Shi ma tashin ba a yin sa da garaje. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. Abin da ke cikin tukunya iska ce irin wadda muke shaƙa, mafi yawanta naitirojin, kuma a ƙarƙashin matsi wannan naitirojin na narkewa cikin jini da tsoka. Ka taso da sauri ya zama kumfa a jikinka, daga ciwon gaɓoɓi har shanyewar jiki. Shi ya sa ake tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito, kuma wanda ya yi ta nutso a jere ba ya hawa jirgin sama sai bayan awa 18. Riƙe numfashi yayin tasowa na iya fasa huhu. Daga wajen mita 30 kuma naitirojin ɗin kan sa mutum maye bai kurɓi komai ba, ya yi ta yi wa kifi murmushi.

A arewa da Dahab akwai wani rami a cikin murjani da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya kai mita 100, yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke ɓullewa cikin teku. A jikin dutsen da ke bakin hanya an kafa alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka nemi ratsa ta ba su dawo ba. Nan raha ba ta da wuri. Iyakar nutson nishaɗi mita 40 ce, kuma da yawa daga masu allunan sun san haka. A Dahab ɗin ne Ahmed Gabr, ɗan Masar, ya kai mita 332 a 2014: saukar ba ta kai minti 15 ba, tasowar ta ci fiye da awa 13. Iya ruwa fid da kai.

To an gama, an ba da kati, an yi shagali. Sai sabon jagora ya gano cewa a garin duk wanda ya taka jagora ne, albashin bai taka kara ya karya ba, kuma kowace shekara sai ya biya kuɗin sabunta rajista. Mafita ɗaya ce: ya cika nutso 100, ya sake biyan wani kwas ya zama malami, ya zauna jiran motar da za ta sauke sababbin jarumai. Direban a-kori-kura, wanda tun yana yaro yake kallon wannan zirga-zirga, shi kaɗai ne a harkar bai taɓa biyan ko sisi don a bar shi ya ɗauki kaya ba.

Abin da nake tsoro shi ne ranar da larurar za ta iso mu, tunda ba abin da waya ba ta kawowa. A wurinmu in an ce yaro ya tafi Masar karatu, Azhar ake nufi, ko likitanci. Za a yi masa rakiya har filin jirgi, gwaggo ta ƙulla masa kilishi da yaji, a yi ta addu'a. Bayan wata shida ya dawo ya yi baƙi wuluk, gashi ya yi ja, ya durƙusa gaban mahaifinsa ya miƙa ɗan kati.

"Wane fanni ka karanta?"

"Nutso, Baba."

Tsoho ya juya katin gaba da baya, ya gyara tabarau. "Madalla. Dama gugan masallaci ya faɗa rijiya tun shekaranjiya, ƙugiya ta kasa ciro shi."

"Baba, ai a ƙa'ida ba a nutso mutum ɗaya."

"To ka shiga da ƙanenka, shi ma zaman banza yake yi."